Ranar da Na Ƙona Rigar Baba a Kasuwar Yankara

In kun ga dama ku yarda, in ba ku yarda ba ku je Yankara ku tambaya. Ni dai ko an binne ni, ƙasa sai ta ji labarin nan.

Zamanin da kuɗin mai suka shigo ne, kowa na rataye da rediyo. Yayana ya dawo garinmu Mairuwa hutu daga jami'a, kai ya cika da boko. Wai bincike suke a kan wani farin gari, boras, irin wanda maƙeran fari ke liƙi da shi. Ya jiƙa ƙaro, ya barbaɗa garin, nan take abu ya kama jikinshi ya yi yauƙi. Ya shafe wani tsumman saƙi da shi, ya shanya. Da ya kara mashi ashana, sai baƙi kawai ya yi, wuta ta ƙi ci.

Shi ilimi ya gani, ni kau suna na hango. Ai ga maganin wuta.

To mai magani a kasuwa ba ya gwaji da tsumma, dariya za a yi mashi. Sai da abu mai daraja. Na lallaɓa na ɗauko sabuwar rigar Baba mai sheƙi, wadda ya zo da ita daga Makka, ko Juma'a bai taɓa kai ta ba. Na dama irin haɗin yayana na laɓta mata.

Ranar kasuwa na tara mutanen da suka fi na Arfa yawa. Na rantse masu ko tanderu aka jefa rigar nan, sanyi za ta ji. Na kara ashana.

Ashe tsumman yayana auduga ne, rigar Baba kau yadin roba ce. Ba ta tsaya gardama ba. Ta naɗe, ta narke, tana ɗiga kamar kitse a tukubar mai tsire. Daga ranar na san ba a satar rabin karatu.

Ina juyawa na iske Baba a sahun gaba, ya zo sayar da dawa. Na fara cewa laifin yadin ne. Ya dubi ɗan wuyan rigar da ya rage a hannuna, ya ce:

"In akwai sauran maganin, shafa a bayanka. Shi za mu gwada a gida."