Duwatsun da Suka Tare Kawu Sumana

"Taswirar nan, layi ɗaya ta nuna, daga gari zuwa rijiya," in ji Kawu Sumana. "Da muka isa, hanya biyu muka tarar."

"Bara uku ka ce," in ji matarsa Inna Zalika, tana wanke salati.

"Bara ba ki saurara da kyau ba."

Muna zaune a garkar Inna a unguwar Gamkalley. Kawu ƙanen mahaifiyata ne. Ya daɗe yana tuƙa kamiyo, babbar motar kaya, zuwa arewa, can inda gudron, wato kwalta, ya ƙare. Yanzu idonsa ya rage, kayan lambu kawai yake kai wa matan kasuwa a Kalley da wata tsohuwar mota.

Ya ce a wannan tafiya hatsi ya ɗauko, da mutane a saman buhuna, har da mata masu goyo. Ruwan shan da ke cikin bidon ya kusa ƙarewa, mai kuma ba zai isa su kuskure hanya su dawo ba. Hanyar dama faffaɗa ce, sawun taya ko'ina. Ta hagu siririya, iska ta kusa shafe ta. Amma a bakin ta dama an jera duwatsu, daga gefe zuwa gefe.

Abdulhakim, ɗan kasuwar da ke da hatsin, ya sauko yana faɗa.

"Sumana, ka makance ne? Ga inda kowa ke bi! Wasan makiyaya ne wannan."

Kawu ya ce masa, "Alhaji, ɗaga ɗaya mu gani."

Abdulhakim ya sunkuya, ya yi nishi, dutse bai motsa ba. Matan suka yi dariya duk da ƙishi.

"Nan na tsaya ina tunani," in ji Kawu. "Babu dutse a wurin, sai a wani tudu can nesa. Wanda ya yi wannan jigila cikin ranar nan ba wasa yake ba."

Ya bi ta hagu. Ya ce bai taɓa jin tsoro irin na ranar ba, don sau da yawa sawun yakan ɓace. Da la'asar suka hango raƙuma, sannan rijiya.

Wani tsohon makiyayi ya yi musu bayani. Rijiyar da ke ƙarshen hanyar dama ta rufta. Sawun ya yi yawa ne saboda duk motar da ta shiga sai ta dawo, in ta samu dawowa. Wani direba ne ya fito da ƙyar, babu ko ɗigon ruwa a motarsa, amma ya ƙi wucewa sai da ya rufe bakin hanyar.

"Wane ne shi, Kawu?" na tambaya.

"Makiyayin ya ce motarsa shuɗiya ce. Shi ke nan. Na tambaya a Tawa, na tambaya a Agadas, babu wanda ya san shi. Kowace sallah ina sa shi a addu'a. Allah ai ya san sunansa."

Ya kalli rana, ya miƙe yana dafa gwiwa.

"Zalika, kwandunan nan sun cika? Matan Kalley za su cinye ni."

Ya ɗauki igiyarsa ya nufi mota.