Furfurar Tawada

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mai kwafar littattafai ne a Roni, kuma baƙin tawadarsa an san shi har Gwiwa. Ya rasu a shekarar da aka bar fam aka koma naira. Ya bar mini alƙalumansa na kara, da wata ƙaramar tukunya, da takarda guda ta ajami mai bayanin haɗin: a daka bagaruwa, a jiƙa, a bar ta sai ta yi furfura, sannan a tace, a zuba kashin maƙera, wato dattin ƙarfe, da ƙaro.

Bayan sadakar arba'in, amininsa ya zo daga Babura, tsoho mai sayar da hatsi. Ya fito da littafin addu'o'in da mahaifina ya rubuta masa, gara ta cinye rabi. Idanunsa kuma sun fara yana.

"Ɗana, ka sake mini shi da manyan baƙaƙe," in ji shi. "An ce idon nan da wuya ya kai damina. Ina so in haddace kafin ya rufe."

Ban yi shakkar hannuna ba, don a gaban mahaifina na koya, asalin littafin kuma yana cikin kayan da ya bari. Haɗa tawada ne kawai bai taɓa bar wa kowa ba. Na jiƙa bagaruwa. Kwana huɗu sai ga wani fari kamar auduga a saman ruwan. Funfuna ce. Na ce abin da za a rubuta sunan Allah da shi ba zai zauna da ƙazanta ba, kullum da safe nakan kwashe ta da ludayi. Furfurar da ke takarda kuwa na ɗauka tsufa ake nufi, wato a bar jiƙon ya daɗe.

Tawadar ta fito kamar ruwan shayi. Na rubuta shafi biyu, na shiga mota zuwa Babura. Tsohon ya kai takardar dab da hancinsa, ya juya ta wajen haske.

"Ka rubuta ne, ko dai niyya ka yi?"

Na dawo na sake jiƙo. Ina cikin kwashe farin nan sai Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta shigo zaure.

"Kai, me kake yi wa tukunyar Yaya? Aski?"

"Funfuna ce, Gwaggo."

"To ai ita ce furfurar, malamin ƙarshen zamani! A ina ka taɓa ganin ruwa ya tsufa? Yaya har leƙa ta yake yana cewa ta fara dattijantaka. Ajiye ludayin nan."

Na ajiye. Farin ya yi kauri, ya juya kore-kore, zaure ya ɗauki wari. Ban taɓa ba har mako uku, sannan na tace na haɗa. Layin farko ya sauka a takarda da ɗan duhu, yana shan iska yana ƙara baƙi, har ya koma irin na mahaifina sak.

Shekaru bayan haka wani malamin kimiyya a Kazaure, Kirista daga Filato, ya bayyana mini cewa funfuna halitta ce mai rai. Ita ke farfasa baurin bagaruwa, ta mai da shi wani sinadari da ke kama ƙarfe ya yi baƙi. Ya ce daga danginta ake samun wata allurar asibiti. Na yi tasbihi ga wanda bai halicci komai a banza ba.

Na gama littafin kafin ruwan farko. Na iske tsohon a rumfarsa tsakanin buhunan gero. Ya buɗe, ya ɗora yatsa a layi, leɓunansa suka fara motsi. Bai kai takardar kusa da hanci ba. Sai da ya kai ƙarshen shafi ya ɗago.

"Zauna, ɗana," in ji shi. "Riƙe mini, in gwada wannan da ka."