Gidan da Ya Juya wa Rana Baya

Mahaifin Winnie Tapscott, tsoho Horace, manomi ne daga Devon ta Ingila, mutumin da bai taɓa tambayar kowa hanya ba. Da jirgin ruwa ya sauke shi da amaryarsa Edna a Afirka ta Kudu, ya sami fili kusa da garin Cradock, sai ya gina gida yadda ubansa ya koya masa: ƙofa da manyan tagogi duk suna kallon kudu, don a Ingila ta nan rana ke leƙowa. A ƙasarmu Afirka ta Kudu kuwa, ta arewa rana take bi.

Sanyin farko ya tona asiri. Falo ya koma kamar cikin randa, Edna tana ɗinki da safar hannu, rana kuma duk ta tare a wani ɗan ɗakin ajiye dankali da ke baya. Horace ya ce da gangan ya yi, wai inuwa tana gyara hali. Cikin inuwar nan aka haifi Winnie, ta gaji maganar kamar yadda ta gaji hancinsa.

Ba ta yi aure ba. Ta yi kiwon tumakinta, ta kare ubanta a gaban kowa. Ni ƙawarta ce. In na je shan shayi da bargo a kafaɗa, sai ta harare ni.

"Ke Doreen, jinya kika zo? Cire wannan tsumman."

"Haba tsohuwa, ko kyanwarki ai ta yi ƙaura wurin dankali."

"Kyanwa ba 'yar Tapscott ba ce."

Bara tari ya kama ta. Likita ya ce ko ta koma ɗaki mai rana, ko a kai ta gidan tsofaffi a birni. Barin gidan ba za ta iya ba, yarda cewa ubanta ya yi kuskure kuma ya fi mata tarin nan ciwo. Ta yi kwanaki ba ta kula kowa.

Ran nan ta aiko in zo. Na tarar da ita a ƙofar ɗakin dankali, tana dogara sanda.

"Dube shi da kyau. Faɗinsa daidai gado, taga daidai fuska. Ke a ganinki don dankali Baba ya yi wannan? Ɗakin tsufana ya gina mini tun ba a haife ni ba."

"To me ya hana shi faɗa?"

"Mutumin Devon ne. Kama buhun nan, bakinki ya fi hannunki aiki."

Muka kwashe dankali muka kai falo, inda ya zauna lafiya lau. Ta yi sanyin bana a ɗakin, kyanwa a ƙafa, rana a kumatu, tana dariya irin wadda ban san tana da ita ba. A nan ta cika, da hantsi. Allah ya ji ƙanta.

Ta sa na yi mata alkawarin kabarinta zai kalli kudu, kusa da na Horace. Na cika alkawarin. Nakan je in zauna wurinta da bargona a kafaɗa, ina jira ta ce in cire.