Malam Zayyad da Na'urar Rajistar Manoma

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Mayu, 2024, Allah Ya yi wa Malam Zayyad Tanko, malamin gona na Kurmin Kogi, rasuwa a wani asibiti a Zariya, kwana uku bayan ya yanke jiki ya faɗi a bakin aiki. Likita ya ce hawan jini ne.

Malam, shekara ashirin da shida kana zagaya gonakin Ikara a kan babur. Ganyen masara kawai kake kallo ka faɗi abin da ke damunta. Kai ka koya mini aiki, daga baya aka ɗora ni a kanka, ban taɓa ganin ɓacin ran haka a fuskarka ba.

Bara kamfaninmu ya raba mana na'urar rajistar manoma: hoto, zanen yatsa, awon gona, kowannenmu ya yi wa mutum sittin rajista kullum. Fartanya ta cinye zanen yatsun mutanenmu, na'ura ta riƙa ƙi. Na ga ka shafa wa wata tsohuwa, Iya Zulai, man kaɗanya a yatsa, ka gwada sau tara, kana ba ta haƙuri kamar laifinka ne. Idan na'ura ta karɓa, sai sabis ɗin waya ya ɗauke, ka hau tudun bayan makaranta ka tsaya cikin rana.

Kowace safiya ofis na turo sunayen ma'aikatan da suka gaza cika sittin ɗin da jan rubutu. Ni nake tura maka. Idonka ya fara ciwo, wuyanka ya sage, ka daina cin abincin rana. Matarka Murja ta ce ko a kan sallaya kake, ƙarar waya na sa ka zabura.

Ranar Alhamis ka ce mini, "Iliyasu, kaina sara yake yi. Ba ni kwana biyu in ga likita."

Na ce, "Malam, daure zuwa Asabar a rufe rajista."

Ka ce, "To, Allah Ya kai mu."

Asabar ɗin ka faɗi, manoma na layi a gabanka. Ranar Litinin ofis ya ƙara wa'adin da mako biyu. Ashe ana iya ƙarawa. Ban taɓa tambaya ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga Murja da 'ya'yanka, Farida da Ismail, da manoman Kurmin Kogi da Malikanchi. Allah Ya ba su haƙuri. Ni kuma, Malam, su nake roƙo su yafe mini kwana biyun da na hana ka.