Casimiro, direban da ya tsallake waya saboda suna

Kullum kafin hayaƙin girki ya tashi a ƙauyenmu Nacimiento, Casimiro Salazar ya riga ya zuba wa tsohuwar motar coci ruwa, ya sha kofinsa a tsaye, yana bin ɗakunan tabarmi yana tambayar wa ya kwana da ciwo. Mai naƙuda, mai ciwon suga, wanda doki ya kayar, duk shi ke kai su asibitin garin Muskis. Yanzu idonsa ya fara hazo, wannan watan zai ajiye makulli. Gabana faɗuwa yake, don ban ga mai ɗauka ba.

Mu 'yan ƙabilar Kikapu ba mu yi masa adalci ba, gara in faɗa. Tun da ya shiga coci dattawa suka daina kiransa wurin ibadarmu ta gargajiya, suna cewa ya sayar da wutar kakanni. Mutanen cocin kuma suna ƙunƙuni wai ƙafarsa ɗaya tana waje. Ga shi nan dai, jemage, ba tsuntsu ba dabba. Amma da zazzaɓi ya kama ɗan wani, sai ka ji ana neman Casimiro.

Abin da ya sa nake jinjina masa ya faru a wata shekara da aka yi fari. Tsohuwa Herminia ta yi jika mace, zazzaɓi ya kama jaririyar tun ba a raɗa mata suna ba. A wurinmu ba a raɗin suna sai da haƙarƙarin barewa huɗu. Uban yarinyar ya samo uku, ta huɗu ta gagara, domin masu kuɗi sun kewaye dajin da waya mai ƙaya, sun zuba masu gadi da bindigogi. Casimiro ya zo da mota, Herminia ta tare ƙofar ɗaki. Ya roƙe ta, ya ce jikin yarinyar kamar garwashi, wuyanta ya fara sanƙarewa.

Ta ce, "Ɗan nan, in ta mutu a hannun baƙi ba suna, da me kakanninta za su kira ta? Haka za ta yi ta yawo ita kaɗai?"

Ya san bai yarda da wannan ba yanzu. Ya kuma san tsoron da ke idonta, don a cikinsa aka raine shi. Zai iya ƙwace yarinyar da ƙarfi, amma daga ranar ba uwar da za ta sake shiga motarsa. Sai ya koma gida ya ciro bindigar da ya daɗe da ratayewa.

Da rana tsaka ya tsallake wayar wata gonar kiwo. Kowa ya san akwai waɗanda suka shiga wurin ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Ya samu barewa, ya harbe, ƙarar ta cika kwari. Yana saɓe da ita bai kai waya ba ya ji sanyin ƙarfe a ƙeyarsa. Masu gadi ne, su uku. Babbansu ya gane shi, ya yi dariya, ya ce ashe mai ɗaukar Littafi ma yana taɓa sata. Suka sa shi ya durƙusa.

Casimiro ya ce, "Yallaɓai, harbe ni in za ka harba. Amma ka aika da haƙarƙarin nan Nacimiento, akwai jaririyar da ke jira."

Mutumin ya karɓe bindigar Casimiro, ya sauke gindinta a kan hannunsa har yatsu suka karye, ya ce ya kwashi mushensa ya ɓace.

Aka raɗa sunan. Ba zan rubuta shi ba, ba na takarda ba ne. Da hannu ɗaya Casimiro ya tuƙa su zuwa asibiti, Herminia na baya tana ta kiran jikarta da sabon sunanta. Yarinyar ta rayu, amma zazzaɓin ya tafi da kunnuwanta. Likita ya ce da an kawo ta da wuri, wataƙila. Faston cocin bai yi wa Casimiro magana ba har tsawon damina, don ya sa hannu a raɗin sunan gargajiya. Yau yarinyar budurwa ce, ita ke saƙa tabarmin ɗakin kakarta, kuma sunan nan ba ta taɓa jinsa ba, a leɓe take karanta shi.

Casimiro, na san wannan "wataƙila" ɗin tana hana ka sakat har yau. Kai ne ka tsaya tsakanin tsoro biyu, ba ka raina ko ɗaya ba. Kai ne wanda aka hana wurin zama a gida biyu, ka yi wa gida biyun hidima. Mun gode, dattijo, Allah ya saka maka.

Ku kuma samari, wayar nan ƙara tsawo take yi, barewa na ƙarewa, ana ta haihuwa. Waninku ya je ya karɓi makullin nan daga karyayyen hannunsa tun kafin wata jaririyar ta kwana da zazzaɓi.