Shekara Tara Bayan Yaya Rakiya, Mai Bin Sawun Likitocin Jamus

A watan nan Yaya Rakiya ta cika shekara tara da rasuwa. A jami'a Farfesa ake ce mata, mu kuwa a Kibiya Yaya muka sani. Ni ƙaninta ne, tsohon malamin firamare da ya koma gona, kuma akwai bashin magana a kaina game da ita da na daɗe ina jinkirtawa.

Mahaifinmu malamin allo ne, shi ya tsaya ta yi boko har ta kai jami'a ta karanci tarihi. Da ta zo masa da zancen tafiya Jamus, bayan mijinta ya amince, tambaya ɗaya ya yi mata: me za ta karanto a can da babu a nan? Ta ce, "Baba, so nake in gane yadda mutum yake zama masani kuma azzalumi a lokaci guda." Da ya ji haka, ya sa mata albarka.

Da girmanta ta koyi Jamusanci, da goyo a baya, ƙamus a gefen murhu. Ta yi shekaru a ɗakunan ajiyar tsofaffin takardu tana karanta rubutun hannun likitocin da suka shigo Afirka zamanin mulkin mallaka. Ta tarar sun gano abubuwan da har gobe ake ceton rai da su. Ta kuma tarar sun gwada magunguna a jikin baƙar fata ba tare da neman yardarsu ba, har wasu suka makance. Duka biyun ta rubuta a littafinta. A can wasu suka ɓata rai da rabi na biyu na littafin. A nan kuma aka jinkirta mata ƙarin girma a jami'a, ana cewa mene ne haɗin 'yar Kibiya da tarihin Jamusawa ga namu a ƙasa. Ba ta sauya fanni ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne a shekarun da aka yi ta gudun ɗigon rigakafin shan inna. Yaya ta taɓa yin bayanin bincikenta a rediyo, ni kuwa na ɗauki rabin da ya yi mini daɗi. Na rufe wa masu ɗigo ƙofa, na kai 'yata Hauwa gidan surukaina a Rurum na ɓoye ta. A majalisa ina bugun ƙirji ina cewa yayata farfesa ce, ita ta faɗa. Mutane suka riƙe maganar saboda sunanta.

Ranar kasuwa sai ga ta ta sauko daga motar Kano, ko gida ba ta shiga ba ta same ni cikin mutane. Ta gaishe da dattawa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta juyo.

"Isa, na ji kana yawo da sunana."

Na ce, "Ai abin da kika faɗa nake faɗa, Yaya."

Ta ce, "Abin da na rubuta gaskiya ne, ba na janye ko kalma. Amma wannan ɗigon na bi asalinsa kamar yadda na bi na magungunan likitocin Jamus. An ɗiga wa 'ya'yana, an ɗiga wa 'ya'yan masu haɗa shi. Kai ka karanta littafin?"

Ban karanta ba, kuma a gaban kowa na amsa. Yammar nan muka hau babura zuwa Rurum, washegari ita da kanta ta riƙe Hauwa a cinya aka ɗiga mata.

Abin bai zo mata da sauƙi ba. Aka ce Turawa sun saye ta, wasu dangi suka yi shekara biyu ba sa taka gidanta. Ni ma ban fita lafiya ba. Wani maƙwabcina ya ji tawa maganar, ranar da Yaya ta zo kuwa yana gona bai ji tata ba, daga baya ma da na je masa da gyara ya ƙi saurarata. 'Yarsa da sanda take tafiya har yau. Yaya ba ta taɓa ɗora mini laifin ba, ni ne na ɗora wa kaina.

Yanzu da kowa ke da waya a aljihu, saƙon murya ɗaya kan zaga Rano da Kibiya kafin la'asar, nakan yi tunanin yadda za ta yi da wannan zamani. Ba na jin za ta zagi kowa da jahilci, don ta fi kowa sanin cewa tsoron mutanenmu yana da tushe. Ina jin zama za ta yi ta tambayi wa ya faɗa, a ina ya gani, me ya rage bai faɗa ba. Ɗalibanta da ke koyarwa a yau sun ce da waɗannan tambayoyi take buɗe kowane aji.

Littattafanta suna nan, mafi yawa cikin harsunan da mutanen garinmu ba sa ji, kuma ban san ko za a ci gaba da buɗe su ba. Abin da na tabbata ya saura shi ne halinta, na ƙin yarda a makance da ƙin musu a makance. Har a ciwon ajalinta haka take. Ina zaune a gefen gadonta a asibiti wata matashiyar likita ta kawo sabon magani. Yaya, da muryar da ta kusa ƙarewa, ta tambaye ta sunansa, da aikinsa, da illarsa. Likitar ta ja kujera ta yi mata bayani tiryan-tiryan, sannan ta tambaye ta ko ta yarda ta sha. Yaya ta ce, "Na gode da kika tambaye ni kafin ki ba ni." Ta yi bismillah ta sha.

Allah Ya haskaka kabarinki, Yaya, Ya yafe mana abin da muka faɗa da sunanki.