Gadar Shanun Alhaji

Walda ce sana'ata tun ina saurayi, kuma a Potiskum mai walda ba ya rasa aiki, don manyan motoci ba sa daina karyewa. Amma aikin da ya fi tsaya mini a rai ba na mota ba ne. Wata gada ce ta ƙarfe da na ƙera wa wani Alhaji mai fataucin shanu zuwa kudu.

Alhajin dattijo ne ɗan asalin Borno, Hausarsa da ɗan nauyin Barebari. Yana da garke a bayan gari, kuma ya gaji da koro shanu har kasuwa don kawai a yi lodi a kan tudun da motoci ke jingina. Ya ce yana son gadar da za a ɗauka a mota, a kafa ta a bakin tirela ko'ina, shanu su taka su hau. Na ce masa an gama, ranka ya daɗe. Na zuba mata ƙarfe mai kauri, na jera sanduna a kwance, na bar tazara tsakaninsu don kashi ya riƙa zubewa ƙasa. Da na gama sai da maƙwabtan garejina suka zo kallo.

Ranar gwaji shanu suka ƙi hawa. Aka ja, aka tura, aka yi ihu. Wani bijimi ya juya da gudu har ya kusa bi ta kan direban tirelar. Alhaji bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Malam, gada ta yi kyau, amma ba ni zan hau ba."

Daga nan kaina ya rikice. Yau in ce tsayin ne ya yi yawa, in yanke ƙafafun, gobe in ce faɗin ne. Ga ƙarar janareta, ga waya ba ta daina ruri, ga kowa da shawararsa. Ina cin abinci ina lissafin awo.

A cikin wannan hali yayata ta zo gidanmu a unguwar Hausari. Malamar makaranta ce a Mamudo, takan leƙo mu a ƙarshen mako. Tana ba ni labari ina ta cewa "to, to," sai ta tsaya.

"Me na ce yanzu?"

Na sosa ƙeya. Matata ta fashe da dariya daga madafa.

"Ƙanena, kanka ya zama tasha," in ji Yaya. "Kowace mota tana kiran fasinja."

Sai ta gaya mini abin da take yi kafin ta shiga aji. Bayan sallar asuba da azkar, takan zauna 'yan mintoci ba waya, ba magana, tana bin numfashinta kawai, shigarsa da fitarsa. In tunani ya ja ta, ta dawo ba tare da jin haushi ba. Bayan nan ta buɗe littafi ta rubuta tambaya guda, ta rubuta duk abin da ya zo a ƙarƙashinta. Ta zaro sabon littafin rubutu irin na 'yan makaranta daga jakarta ta miƙo mini.

"Yaya, ni da ko rasit sai an matsa mini nake rubutawa?"

"Ba wanda zai duba maka. Amma ka rubuta abin da idonka ya gani, ba abin da kake zato ba."

Safiyar farko barci ya kwashe ni a kan tabarma. Ta biyu kuwa ƙamshin ƙosan maƙwabciyarmu ne ya tafi da hankalina, daga ƙosai na faɗa tunanin wake, daga wake na tsinci kaina a gonar kakana. Na yi mamakin yadda zuciya ke tsalle kamar ɗan akuya. Amma a hankali zaman ya fara yi mini daɗi. Na fara jin abubuwan da ban san ana ji a unguwarmu ba: shara a gidan baya, kurciya a kan darbejiya, tirela tana canza giya can kan titi. Rubutun dai shirme ne, awo da zane da tsaki.

Wata safiya, bayan numfashina ya lafa, na rubuta a saman shafi: me bijimin ya yi? Sai na rufe ido na koma garken. Na rubuta cewa fari ne mai dogon ƙaho. Na rubuta cewa ya zo bakin gada da kansa, ba a doke shi ba. Ya ɗora ƙafar gaba, ƙarfe ya yi ƙara, ya ɗaga kunne. Ya ƙara taku. Sai ya sunkuyar da kai ya kalli ƙasa.

Biro ya tsaya a hannuna. Ya kalli ƙasa! Ta tsakanin sandunan nan da na bari yana hango ƙasa tana nisa da shi, hasken rana yana ratsowa layi-layi. A wurina dabara ce ta tsabta, a wurinsa rami ne. Ga kuma ƙarar da ke tashi ƙarƙashin kofatonsa. Ni ina ta auna tsayi, ban taɓa sunkuyawa na ga abin da shi yake gani ba.

Na miƙe zumbur har na yi fatali da kofin shayi.

"Lafiya, maigida?" in ji matata.

"Rami yake gani! Rami!"

Ta bi ni da kallo ina neman takalmi ɗaya a ƙarƙashin kujera.

A ranar na sayo katako na shimfiɗe kan sandunan, ban bar ko kafar da yatsa zai shiga ba. Na ɗaura zana a gefe da gefe don kada shanun su ga waje. Da muka kai gadar garke na sa aka zuba yashi a kai, aka watsa ciyawa da ɗan busasshen kashin shanu, har ta koma kamar hanyar da suka saba bi.

Makiyayin Alhaji, wani Bafulatani mai furfura, ya zagaya ta yana dannawa da sanda.

"Baffa, ka gwada mana da farin nan," na ce.

Ya yi masa ɗan kira irin nasu. Bijimin ya zo, ya sunsuni yashin, ya hura hanci. Ya ɗora ƙafa. Shiru, ba ƙara. Sai ga shi yana tafiya abinsa kamar mai zuwa mashaya, har cikin mota. Na baya suka bi shi a jere, ba duka, ba ihu.

Ban san lokacin da na yi kabbara ba. Na rungume direba, na rungume Baffa, hulata ta faɗi wata saniya ta taka ta, ban damu ba. Alhaji yana dariya har da riƙe ciki, yana yi mini sannu irin ta Barebari, "Wushe, wushe da aiki!" Na kira Yaya tana tsakiyar darasi, ta ɗauka a tsorace, ni kuwa abin da na iya faɗa kawai shi ne, "Sun hau! Yaya, sun hau!"

Har yau ina wannan zama da safe, kuma littattafan sun taru a kan kabad, duk da tabon baƙin mai. Ba kullum ake samun amsa ba, wani lokaci natsuwar ce kawai ribar.

A yammacin ranar da shanun suka hau, bayan mota ta ɗaga, Alhaji ya sa aka kawo tsire muka zauna a inuwa. Ƙaninsa, wanda ke harkar dabbobi ta wajen Nijar, ya daɗe yana kallon gadar yana tauna nama. Can ya juyo gare ni.

"Malam, raƙumi fa? Zai hau?"

Na ce ya ba ni aron raƙumi guda in zauna in kalle shi tukuna.